Abin da Ke Bayan Mayafin Inna

Ranar da Hauwa'u ta ɗauki hoton kakarku da wayarta ta ce za ta sa masa Ka'aba a baya, na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba, har ta ajiye wayar ta shige ɗaki. Ba ta yi laifi ba. Yarinya ta ga hoton tsohuwa manne a gilashin taga, ba bango ba labule a bayanta, ta ɗauka rashin iya aiki ne ya sa aka bar shi haka. Kuma na san abin da kuka taso kuna ji a gidajen biki daga bakin wasu dangin mahaifiyarku, wai na gaji da jinyar uwata na tura ta daji ta mutu. Ban taɓa tanka musu ba, don ba su ne ke da haƙƙin jin bayani daga gare ni ba. Ku ne kuke da shi. Maganar hoton da maganar tafiyar Inna abu ɗaya ne, shi ya sa zan haɗa muku su a wuri guda.

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, kuma ku 'yan yanzu ba ku san nauyin wannan maganar ba. A wurin mutanenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta cin abinci yana kallo. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Baffa Sa'idu, ƙanin mahaifinmu, wanda ya daɗe da barin kiwo ya zauna cikin garin Lafia yana dillancin shanu. A hannunsa na yi allo na yi boko, na koyi buga tafireta, na shiga aikin gwamnati. Ƙanena Haro shi ya tashi a gindin Inna a rugarmu ta bayan Kwandere, shi ya san yadda dariyarta take. Ni in na je gaida ta da Sallah, sai ta juya gefe ta amsa wa ƙwaryar da ke gabanta. In za ta ambace ni, sai ta ce "wancan na birni". Ban taɓa jin haushinta ba, al'ada ce, kuma na san man shanun da take aikowa wai na Baffa ne, nawa ne. Amma ba zan ɓoye muku ba, har furfura ta fara fito mini ina kishin Haro.

Bayan Lafia ta zama babban birnin jiha, kwamfuta ta kori tafireta daga ofisoshi, mu da muka iya buga rubutu aka tura mu muka koya. Na ji daɗin abin fiye da yadda ya kamaci mai shekaruna. Da na gina gidan nan na Azuba, lokacin ana iya ƙirga gidajen unguwar da yatsu, sai na fitar da shago a gaba na sa kwamfuta ɗaya da firinta. Daga takardun neman aiki na koma katin biki, daga katin biki na koma hotuna, har na sayi 'yar ƙaramar kyamara marar fim. Da ita na ɗauki Inna wata Babbar Sallah a ruga, kuma ba don mahaifiyarku ba da ba a yi hoton ba. Kun san Falmata Babarbariya ce, kun kuma san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Wannan wasan ya buɗe mata ƙofar da ni ɗan cikin Inna ban samu ba. Suruka ce, amma tana iya zama kusa da Inna ta tsokane ta, Inna ta rama. Ranar ta kai mata wani mayafi shuɗi shara-shara, ta yafa mata da hannunta, ta ja ta gaban garke.

"Tsaya nan, Bafillatana, a ga ko kyan da ake faɗa gaskiya ne."

"Ke dai Babarbariya ba ki da ta ido," in ji Inna, tana ƙoƙarin ɓoye murmushi.

A daidai nan na danna. Rana tana bayanta, hasken ya ratsa mayafin, duk abin da ke baya ana hango shi dishi-dishi ta cikinsa.

Shekarar da nake ba ku labari, Inna ta kwanta ciwo da kaka. Ƙafa ta kumbura, jiri yana ɗibarta, aka kawo ta asibiti aka ce suga ne da hawan jini. Likita ya ce ta zauna kusa, a riƙa dubawa, a kiyaye abin da take ci. Haka Inna ta shigo gidan nan, kuma Allah ya sani, duk da ciwo ne ya kawo ta, ban taɓa farin ciki irin na watannin nan ba. Uwata tana kwana ƙarƙashin rufina. In na fito sallar asuba ina jin tarinta. Na saya mata gado da katifa, na sa mata fanka, na sa aka yi wa ɗakin fenti. Ta gode ta bakin Falmata, ta shimfiɗa tabarma a ƙasa kusa da gadon ta ci gaba da kwana a kai. Falo kuwa ko leƙa shi ba ta yi. Wurin zamanta bayan kicin ne, inda ake hango sama ta saman katanga. Ba ta taɓa abinci in ina cikin gida, sai na koma cin nawa a shago don ta samu ta sake. Tana tashi tun kafin kiran sallah kamar yadda ta saba, sai ta zauna da hannuwa a cinya, babu abin tatsa. Duk na ga waɗannan, amma sai na ce baƙunta ce, za ta saba. Ƙafar ta sace, jirin ya tafi, na ce to ga shaida.

Ana cikin bazara Haro ya zo. Bai shiga ciki ba, a shago ya same ni, ya jingina sandarsa da teburin kwamfuta ya tsuguna, ya kira ni Hamma, wato yaya da Fillanci.

"Hamma, zama ya ƙare mana a Kwandere. Burtalin da muke bi zuwa rafi an yi masa kunyar doya. Ba na ganin laifin masu gonar, su ma 'ya'yansu sun yi yawa. Amma bara saura ƙiris a zubar da jini, ni kuwa ba zan jira a zubar ba. Kafin ruwa ya zauna za mu tashi, mu yi gabas, can ƙasar Taraba."

Na ce, "Inna fa?"

Sai ya ce:

"Kai ne babba. In ka ce ta zauna, ta zauna. Ba zan ja da kai ba."

Na aika Falmata ta ji ta bakin Inna. Amsar da ta dawo da ita gajeriya ce: mace mai 'ya'ya maza biyu ba ta da ta cewa, duk inda suka ajiye ta nan ne wurinta. Na ɗauki wannan a matsayin yarda, don abin da nake son ji ke nan. Na gaya wa Haro Inna za ta zauna, ga asibiti kusa, ga magani. Ya ce to, ya ɗauki sandarsa. Yadda ya fita yana jan ƙafa ya tsaya mini a rai, sai na ce bari in yi masa wani abu da zai tafi da shi. Zan yi masa babban hoton Inna, amma ba a ruga ba. Zan ciro ta daga hoton Sallah in tsayar da ita a tsakiyar falona, ga kujeru ga labule ga talabijin, duk lokacin da ya duba ya san tana cikin hutu.

Ga yadda aikin yake, don ku gane abin da ya biyo baya. A cikin manhajar gyaran hoto, hoto hawa-hawa ne, kamar ka ɗora takarda a kan takarda. Kana goge bayan mutum, sai wasu ƙananan murabba'ai farare da masu ruwan toka su bayyana, mu a shago muna ce musu dara. Wannan darar ba zane ba ce, alama ce da kwamfuta ke nuna maka cewa nan babu komai, duk abin da ka shimfiɗa a ƙasa zai fito. Goge sama da ciyawa da shanu bai ba ni wuya ba. Mayafin ne ya sha ni. Shara-shara ne, rabi yadi rabi abin da ke bayansa, kuma daidai kafaɗarta ta hagu akwai ƙahon wata saniya da ya fito sarai ta cikin yadin. Na yi kwanaki ina bin ƙahon nan da maus, wato linzamin kwamfuta, ɗigo bayan ɗigo, ina shafe shi ina cike gurbin da shuɗi. Sannan na rage kaurin mayafin, yadda in na ɗora ta a falo, labulen falon ne za a hango ta cikinsa. Da na gama na ja baya na duba, na ce lallai Hamidu ka iya.

Firintata ƙarama ce, babban hoto sai a wurin Ayuba, wani ɗan ƙabilar Eggon mai injin buga fosta a cikin gari, abokin hulɗata ne na shekaru. Manhajarsa daban da tawa, ba ta buɗe irin fayil ɗin da tawa ke ajiyewa, kuma a kan kwamfutarsa ake jera aiki daidai girman takarda. Don haka sai na juya hoton Inna zuwa JPEG, irin da kowace kwamfuta ta sani, na haɗa da hoton falo a filas, ɗan abin kwafar fayil, na kai masa. Washegari na koma, na tarar yana dafe da kai.

"Oga Hamidu, wannan abu da ka kawo ya zo da farin kwali a baya fa. Ya rufe kujera, ya rufe talabijin, komai. Maman ka yana tsaye kamar a cikin firij. Ba laifin inji na ba ne o, duba da kanka."

Ya miƙo mini ɗan gwajin da ya buga a ƙaramar takarda. Gaskiyarsa. Duk inda na bar babu komai, fari ya cika shi fal. Har cikin mayafin farin ya shiga, shuɗin ya koɗe, ya zama kamar an naɗe ta da farin yadi daga kai zuwa gwiwa. Muka yi dariyar firij, na ninke takardar na sa a aljihu, na ce zan duba inda matsalar take.

A aljihun na manta da ita. Falmata ta zo wanki ta zazzage rigar a bayan kicin, takardar ta faɗo kusa da tabarmar Inna. Ina shago sai ga mahaifiyarku ta shigo hannunta duk kumfa, idonta ya kawo ruwa.

"Malam, me ka yi haka? Ta ɗauka ta duba ta daɗe, sai ta ce mini, ashe har an gama shirya matar nan, farin ma mai kyau suka samo mata. Likkafani ta gani, Malam. Kuma wallahi ba da tsoro ta faɗa ba, kamar ma wadda aka yi wa albishir."

Na ce ta je ta gaya mata kuskuren inji ne, zan gyara ta gani da idonta. A lokacin hankalina bai tsaya kan ƙarshen maganar Falmata ba, gyaran kawai nake tunani.

Ni da Ayuba muka zauna muka bi abin a hankali, don shi ma bai taɓa damuwa da sanin dalili ba. Muka gane JPEG bai san babu ba. Duk filin da ka bar masa sai ya zuba wani abu a ciki, kuma fari yake zubawa. Muka gwada GIF, don an ce shi yana riƙe fili. Ya riƙe, amma bai san tsaka-tsaki ba, a wurinsa ɗigo ko dai yana nan ko ba ya nan. Gefen mayafin ya fito a cinye kamar gara ta bi ta kansa, fuskar ta yi dabbare-dabbare. Ayuba ya ce wannan kam ko maƙiyinka ba ka ba shi ba. Daga ƙarshe muka faɗa kan PNG. Shi ne ya san rabi da rabi: inda babu komai ya bar shi babu komai, inda yadi ne shara-shara ya bar shi shara-shara. Muka buɗe a kwamfutar Ayuba, darar nan tana nan daram a bayanta. Ya ɗora ta a kan falo, sai ga jan labulena yana leƙowa ta cikin shuɗin mayafi, kamar a nan aka ɗauke ta.

"Yauwa! Yanzu Mama ya shiga gida," in ji Ayuba.

Kafin a buga babban, na so Inna ta gani, don a wanke mata farin nan daga ido. Da la'asar Falmata ta lallaɓo ta zuwa shago, karo na farko da ta taka shi. Ta ƙi kujera, ta zauna a bakin ƙofa ta ba ni gefe, tana kallon kwamfutar ta wutsiyar ido. Na buɗe hoton falo. Ta duba sama ta duba ƙasa, sannan ta ce da Falmata:

"Tambayi wancan, wace irin mata ce wannan da za ta hau shimfiɗar mutane da takalmi?"

Falmata ta fashe da dariya. Ni ban ma lura ba, takalmin robar da take shiga garke da shi ne a ƙafarta, ga shi a kan kafet ɗina. Na ce wannan mai sauƙi ne, bari in nuna mata yadda ake yi. Na kashe hawan falon, ta rage ita kaɗai a kan dara.

"Wannan tabarmar fa?"

Na ce wa Falmata ta gaya mata ba tabarma ba ce, babu komai ne. Yanzu matar ba ta ko'ina, kuma ana iya ajiye ta ko'ina, falo ko Makka ko bakin teku, duk wanda aka ga dama. Da alfahari na faɗa. Sai Inna ta ce:

"Kafin a share, me ke bayanta?"

Na nemo hoton asali na buɗe. Ga rana, ga ciyawa, ga garke, ga ƙahon nan ta cikin mayafi.

Abin da ya faru ban taɓa ganin irinsa ba. Inna ta miƙe ba tare da ta dafa ƙofa ba, ta tako har gaban tebur, kafaɗarta tana gogar tawa, ita da ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da ni ba. Ta sa yatsa a kan gilashin kwamfutar, daidai ƙahon.

"Wule ce! Ga karyewar da ta yi a bakin rafi. Jikar saniyar da uwata ta ba ni ce. Lokacin nan tana da ciki, yanzu ai ɗan ya isa yaye. Ba ta yarda da hannun kowa, in ba ni ba sai an ɗaure ƙafa. Matar Haro ja take yi, ba ta lallashi, na sha gaya mata..."

Ta yi ta zuba, Hausa tana gauraya da Fillanci, muryarta ta tashi, fuskarta ta sake. Watanni tana gidana ban ji ta haɗa magana uku a jere ba. Ashe wannan ce Innar da Haro ya sani. Sai can ta farga da inda take tsaye da wanda ke kusa da ita. Ta janye yatsan, ta ja mayafinta ta koma bakin ƙofa. Da ta sake magana, muryar nan ta bayan kicin ce ta dawo.

"Ce masa ya mayar da ita falon. Ya yi kyau. Ya sha wahala a kai."

Suka fita. Na zauna ina kallon hotuna biyun har aka kira magariba. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa na ga fuskar sau ɗaya, kuma ba a gidana take ba. Kwanakin da na yi ina goge ƙahon nan ɗigo bayan ɗigo, ashe abin da nake yi mata ke nan tun kaka, da gado da fanka da fenti. Ba za ta taɓa ce mini tana son tafiya ba. Kunyar ɗan fari ba za ta bar ta ba, za ta zauna a bayan kicin tana gode mini ta bakin Falmata har ranar da farin yadin zai zo, kuma ta riga ta nuna ba ta ƙi ya zo da wuri ba. Na yi kuka a shagon nan, ba na jin kunyar faɗa muku. Na jira uwata shekaru masu yawa, ta zo, kuma na gane riƙe ta ɗin ba don ita nake yi ba.

Da safe na hau babur na tafi Kwandere na ce wa Haro ya shirya wa Inna wuri a motar da za ta ɗauki mata da 'yan maruƙa. Ya dube ni kamar bai ji ba. Na ce sharaɗina ɗaya, magani ba zai yanke ba, zan riƙa aikawa, shi kuma ya nemi asibiti mafi kusa da inda za su sauka ya riƙa kai ta. Mahaifiyarku ba ta goyi bayana ba, kuma kada ku ga laifinta, ita ta yi jinyar.

"Malam, ka ji abin da likita ya ce. In ta tafi ba za ta daɗe ba. Kuma mutane ni za su zaga, su ce suruka ta kore ta."

Na ce na ji, kuma duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Amma ita ta je ta gaya wa Inna, kuma ita ta ba ni labarin cewa a ranar Inna ta cinye tuwonta tas har ta nemi ƙari.

Ranar tashi muka raka ta ruga. Shanu sun riga sun yi gaba da ƙafa, bukkoki sun zama kango, motar tana cike da ƙwarya da tabarmi. An ɗora Inna a gaba kusa da direba. Na tsaya daga nesa kamar yadda na saba, Falmata ce a jikin ƙofar motar suna tsokanar juna. Sai na ga Inna ta ɗaga hannu ta yafito, na waiga in ga wa take kira, babu kowa a bayana. Na matso. Ba ta dube ni ba, ƙafafuna take kallo, amma ba ta bi ta bakin kowa ba.

"Matar nan da ke cikin akwatinka, kada ka sa mata komai a baya. Ka bar ta haka, ta sha iska."

Na ce to, Inna. Direba ya tada mota. Wannan ita ce magana mafi tsawo da uwata ta taɓa yi mini ni da ita.

Damina biyu ta yi a can. Haro ya ce ranar da ta faɗi, da safen ta tatsi Wule da hannunta. Inda suke babu sabis, sai da ya hau dutse ya same ni a waya, lokacin an riga an binne ta. Ban yi mata sallah ba, ban ɗauki makararta ba, kabarin ma sai bayan wata guda na gan shi. Da tana Azuba wataƙila da ta ƙara shekaru, da ta ga haihuwar Hauwa'u. Likita ya faɗa, Falmata ta faɗa, ni ma ban musa ba. Zagin da mahaifiyarku ta hango ya zo, ta sha nata na sha nawa, akwai gidajen da har yau ba na shiga. Akwai kuma ranakun da nake tashi da tambayar ko na yi daidai, musamman in na ga tsarana yana tura uwarsa a keken asibiti. Amma in aka mayar da ni shagon nan da la'asar ɗin nan, na sake ganin yatsan nan a kan ƙaho, abin da na yi shi zan sake yi.

Babban hoton falo ba a taɓa buga shi ba. Shi Haro, hoton asali na ba shi, da garkensa da komai. Ni kuwa bayan rasuwarta na koma wurin Ayuba da PNG ɗin nan na ce ina son a buga shi ba tare da bango ba. Ya ce takarda ai fara ce, ko me muka yi fari zai fito. Muka yi ta shawara har ya tuna da leda mai gam wadda ake gani ta cikinta, irin da ake manna wa gilashin shaguna. A kanta ya buga, ya bi bayan fuska da jiki da farin fenti don su fito sosai, ya bar mayafin yadda yake. Na manna a tagar falo mai kallon hanya. Shi ya sa da safe bayanta haske ne, da damina ruwa ne, da yamma masu dawowa daga gona ne.

Fayil ɗin yana nan, ya bi ni daga kwamfuta zuwa kwamfuta, daga faifai zuwa filas. Duk lokacin da na sauya masa wuri sai na buɗe na tabbata darar tana bayanta. Zai zama naku. Ku kwafe shi yadda yake, kada ku juya shi zuwa JPEG, kada ku tura wa juna shi a matsayin hoto ta waya, don wayar za ta cike bayan da fari ko baƙi ba tare da ta tambaye ku ba. Hauwa'u, na san Ka'aba kika so ki ba ta, kuma babu wurin da ya fi shi. Ki yi mata addu'a Allah ya kai ta inda ya fi nan, amma hoton ki bar shi, alƙawari ne.

Azuba ta cika da gidaje yanzu, shanu sun rage bi ta hanyar nan, amma sukan bi jefi-jefi idan za a kai su kasuwa. In kun ji kukansu kuka ga na tsame hannu daga tuwo na je na tsaya a tagar nan, kada ku kira ni. Jira nake ƙaho ya gifta ta cikin mayafin.